Ku fara duba bayan kwandalar kafin ku biya

Masu tara kwandalolin azurfa na zamanin Anglo-Saxon, wato tsohuwar Ingila kafin shekarar 1066, kada ku biya ko sisi sai mai sayarwa ya turo muku hoton bayan kwandalar, domin fuskar sarki kaɗai ba ta wadatarwa.

Tun gyaran tsarin kuɗi da Sarki Edgar na Ingila ya yi wajen shekarar 973, a baya ake buga sunan maƙerin da garin da aka ƙera ta. LVND, alal misali, Landan ke nan. Da waɗannan sunaye za ku kwatanta ta kyauta da kwandalolin rumbun EMC, wato kundin bayanan tsofaffin kwandaloli na gidan tarihin Fitzwilliam da ke Cambridge, a intanet.

Sai dai dabarar ba ta ci a kan kwandalolin ƙarni na 8, waɗanda galibinsu ba su ɗauke da sunan gari, haka ma kwaikwayon da aka buga a Sikandinebiya (yankin Denmark, Norway da Sweden), inda rubutun kan zo a hargitse.