Yadda za ka tsare sirrinka daga ƙirƙirarriyar basira

Duk abin da ka rubuta wa manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ko Gemini yana zuwa kwamfutocin kamfanin ne, kuma ana iya amfani da shi wajen horar da manhajar. Saboda haka lambar NIN da BVN, masu lamba 11 kowacce, da hoton takardar asibiti, kada ka kuskura ka saka su. Idan wasiƙa kake so a gyara maka, ka cire suna da lambar waya tukuna. A ChatGPT, shiga saiti, ɓangaren kula da bayanai, ka kashe maɓallin da ke ba su damar horar da manhaja da hirarka.

Murya ce babbar matsala. Saƙon murya guda da ka tura wani zauren WhatsApp ya isa 'yan damfara su kwaikwayi muryarka da ƙirƙirarriyar basira, a kira ƙaninka a Argungu ko Birnin Kebbi ana kuka, wai an tare ka a hanya, a tura kuɗi yanzu-yanzu. Gaggawar nan ita ce tarkon. Ku ajiye wata kalma ta gida wadda bare bai sani ba, in ba a faɗe ta ba a katse, a kira lambar da aka saba. Ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, lamba 6 ce kawai.

Doka tana bayanka: sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirri, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba ka damar neman a goge bayananka. Kamfani ya ƙi, kai ƙara Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya (NDPC).