Yadda za ka haye zuwa Zanzibar ba tare da igiyar ruwa ta firgita ka ba

Mutumin da ya tashi a Kano ko Damagaram, wanda labarin jirgin ruwa da ya fi ji shi ne na kwale-kwale ya kife da 'yan biki a kogin Neja, ba abin zargi ba ne idan gabansa ya faɗi ranar da aka ce zai shiga teku. Daga birnin Darussalam na Tanzaniya zuwa tsibirin Zanzibar tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin fito mai gudu. Abu biyu ke damun matafiyi a hanyar, tsoro da tashin zuciya, kuma kowanne maganinsa daban.

Fara da zaɓen lokaci. Iskar da mutanen gaɓar suke kira kusi tana kaɗowa daga kudu tun wajen Afrilu har Satumba, ta fi tsanani a Yuni zuwa Agusta, kuma ita ce ke tayar da teku. In da hali, ɗauki jirgin sassafe, domin iska kan ƙaru da rana. Dawowa kuwa ta fi zuwa wahala a wannan lokacin, saboda jirgin yana fuskantar igiyar gaba da gaba.

Sai jirgin kansa, kuma nan ne ya kamata tsoronka ya yi maka amfani. A Satumbar 2011 jirgin Spice Islander ya nitse tsakanin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba bayan an yi masa lodin da ya wuce kima, ɗaruruwan mutane suka rasu. A Yulin 2012 kuma Skagit ya kife cikin iska mai ƙarfi a hanyarsa daga Darussalam. Saboda haka sayi tikiti a ofishin kamfanin da aka sani, ka rabu da 'yan kamashon da ke tare mutane a bakin tasha. In hukuma ta dakatar da tafiya saboda yanayi, koma masauki ka kwana. Kada ka kuskura ka nemi ƙaramin jirgin da zai kai ka a sace.

Kafin shiga, ci abinci mara nauyi: burodi, ayaba, shayi ba madara. Cikin da ba komai ya fi saurin juyawa, haka ma wanda aka cika da maiƙo. Akwai ƙwayoyin hana amai na tafiya, irin su dimenhydrinate da ake sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin tashi, da cinnarizine da ake sha awa biyu kafin tashi. Suna sa barci, kuma in ka jira sai jiri ya kama ka, ka makara. Mai juna biyu da ƙananan yara a tambayi likita tukuna. Ɗanyar citta a baki tana taimaka wa mutane da yawa.

Da ka sa ƙafa ka karanta addu'ar Annabi Nuhu, Bismillahi majreha wa mursaha, sannan ka nemi kujera a hawan ƙasa, tsakiyar jirgi ko ɗan baya kaɗan. Gaba shi ne ya fi tashi da faɗuwa, sama kuma ta fi lilo, ko da kujerunta sun fi tsada. Duba inda rigar ceto take da ƙofar da ta fi kusa da kai. Wannan dubawar ta minti ɗaya tana kwantar da hankali fiye da duk wani lallashi.

Idan jirgi ya fara tangal-tangal, ajiye waya. Dalilin jirin shi ne cikin kunnenka yana jin motsi, idonka da ke kan allon waya yana cewa a zaune kake, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, jingina kai da kujera, ja numfashi a hankali ta hanci. In ba taga kusa, rufe ido. Ƙarar da za ka ji kamar an doki ƙasan jirgi da guduma igiya ce kawai. Dubi fuskokin ma'aikata: muddin suna zagayawa suna raba ledar amai ba gaggawa, ranar aiki ce irin ta kullum. In amai ya zo, yi shi a leda, kurkure baki, kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. Kada ka je ka kulle kanka a banɗaki, can abin ya fi tsananta.

Bayan sauka za ka iya jin ƙasa tana lilo na ɗan lokaci, zai wuce da kansa. Riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a hannu, domin ana duba takardu a tashar Zanzibar ko da daga cikin Tanzaniya ka fito.