Yadda zaka nuna ƙaramin gidan da ka gyara ga masu neman haya

To an gama gyara, mai fenti ya kwashe bokitansa ya tafi, an shimfiɗa tayil, an canja famfuna, yanzu saura a samu mai shiga. A nan ne masu gida da yawa suke sakin jiki, ganinsu tunda an kashe kuɗi ai duk wanda ya leƙo zai ce yana so. Ba haka bane fa. Ƙaramin gida cikin minti biyar mutum ya gama zagaye shi, kuma kafin ka buɗe baki kace komai hancinsa da idonsa sun gama faɗa masa abin da zasu faɗa masa.

Hancin ma shi yake fara aiki. Gidan da aka gama gyarawa aka kulle yana da wari iri biyu, ɗaya kowa ya san shi, na fenti, musamman in an yi ƙofofi da tagogi da fentin mai, shi wannan warinsa yana daɗewa fiye da na ruwa. Maganinsa iska ce kawai, ka dinga zuwa kana buɗe tagogi da ƙofofi na wasu kwanaki kafin ranar, in da fanka ka kunna ta, har kabad ɗin kicin da wadrob ka bar su a buɗe don su ma suna riƙe wari. Kar ka yi dabarar fesa turare ana saura minti goma su iso, turare a kan warin fenti ciwon kai yake sa wa, kuma mai wayo yana shigowa zai fara tunanin me ake ɓoyewa.

Na biyun shi ne wanda yake ba mutane mamaki. Ka gyara banɗaki tsaf, ba wanda ya taɓa amfani da shi, amma kana buɗe ƙofa sai kaji warin kwata. Ba fulamba bane ya cuce ka. Duba ƙarƙashin sinki zakaga bututun ya lanƙwashe kamar harafin U, ko kuma an sa masa wani abu kamar ƙaramar kwalba, to ruwa yake zama a wajen, ruwan nan ɗan kaɗan shi yake tare iskar da take tasowa daga magudana. In gida ya yi makonni ba kowa, balle lokacin zafi, ruwan sai ya bushe, hanya ta buɗe, wari ya shigo. Don haka kwana ɗaya kafin a zo gani ka bi duk inda ruwa yake fita, sinkin kicin, wajen wanke hannu, ramin ƙasan shawa, masai, ka sakar musu ruwa sosai. Aikin minti biyar ne. In ka yi hakan warin bai tafi ba to lallai akwai matsala, a kira mai gyara kafin a kira ɗan haya.

Shara kuwa ba sai na tsaya dogon bayani ba. Ƙurar siminti tana komawa ta kwanta bayan an share, sai an goge sau biyu ko uku. Ɗigon fenti a kan tayil da soket a kankare shi, sitikar da take jikin sabon sinki a ɓare ta, ragowar buhun siminti da guntayen tayil da tsani duk a fitar. A babban gida ana iya tura su wani lungu, a ƙarami babu lungun.

Lokacin da zaka ba mutane ya zama da rana, sa'ad da haske yafi shiga gidan, kai ka san lokacin tunda ka yini a ciki ana aiki. Ka ɗaga labule in akwai, ka kunna duk fitilu ko da rana ce, ƙwai ɗaya da ya mutu ya isa ya sa mutum ya fara shakkar wayarin ɗin gaba ɗaya. Sannan ƙwayayen su zama kala ɗaya. A jikin kwalinsu akwai lamba, mai 2700K ko 3000K haskensa ja-ja ne mai laushi, mai 6500K fari ne fat har da ɗan shuɗi-shuɗi. In ka sa wannan a falo ka sa wancan a lungun da yake manne da shi, fentin bango ɗaya sai ya fito kamar kala biyu, gidan kuma ya zama gutsi-gutsi a ido. Ni dai na fi son mai laushin a ɗakin kwana da falo, amma ko wanne ka zaɓa ka tsaya a kansa.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba ƙarfi, awo. Duk wanda ya zo ganin ƙaramin gida tambaya ɗaya ce take yawo a kansa ko bai furta ba, kayana zasu shiga? An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a ɗakin da ba komai a ciki ido yana yin ƙarya sosai, wani ya ga ɗakin ya yi masa ƙanƙanta alhali gadonsa zai zauna daram, wani kuma ya ga fili sai ranar tarewa a tsaya cirko-cirko da kujera a bakin ƙofa. Ka sayi tef na awo ka auna kowane ɗaki ka rubuta a takarda, tsawo da faɗi, ka riƙe tef ɗin a aljihu ranar.

Bari in baka misali ka gane. Ɗaki mai mita 3 da mita 3. Mutum yana da gado mai faɗin santimita 180, tsawo 200. In aka sa shi a tsakiyar bango, santimita 60 ce ta rage ta kowane gefe, ana iya wucewa. Ta wajen ƙafa saura mita ɗaya. To wadrob yawanci zurfinsa wajen santimita 60 ne, in aka ajiye shi a nan saura 40, kaga ƙofarsa ma bazata buɗu yadda ya kamata ba, sai dai mai ƙofar turawa gefe, ko a matsar da gadon jikin bango a sa wadrob ɗin a gefe. Wannan lissafin in ka yi shi tun kafin su zo, kana da amsa a bakinka, kuma amsar gaskiya ce ba ta "ai zai shiga insha Allah" ba. Wasu ma har salatif na takarda irin na masu fenti suke mannawa a ƙasa su zana girman gado, mutum ya tsaya ya gani da idonsa, dabara ce mai kyau kuma bata cin komai.

Haka kicin. Firji da injin wanki yawancinsu faɗinsu wajen santimita 60 ne, ka auna gurbin da aka bar musu, ka duba akwai soket kusa. Ka auna faɗin ƙofar shigowa da ta ɗakuna, in akwai matattakala ko lungu mai kwana ka auna shi ma, don sau da yawa ɗakin ya isa, hanyar kai kayan ce bata isa ba.

Maganar hoton da zaka tallata gidan da shi tana nan kusa. Wayoyin yanzu suna da kyamarar nan ta 0.5 mai buɗe waje, ɗan ɗaki sai ya fito kamar zauren taro. Haba. Mutumin nan fa zai zo ya gani, kuma abin da zai fara ji a ransa shi ne an yaudare shi, daga nan duk abin da ka faɗa da rabin kunne zai saurara. Ka ɗauka da 1x, wato kyamarar da aka saba, daga bakin ƙofa ko kusurwa, wayar a daidai ƙirji, da rana, ka rubuta awon ɗakunan a ƙarƙashi. Waɗanda gidan ya yi musu kaɗan bazasu zo ba, shikenan sun hutar da kai ka hutar da su.

Ranar gani kar ka tara mutane lokaci ɗaya. Na san dillalai suna son haka wai don kowa ya ga akwai masu so ya yi sauri, a babban gida wataƙila ta yi aiki, amma mutum shida a ƙaramin falo sai numfashi ya yi wuya, abin da kowa zai tafi da shi kenan a ransa, cunkoso. Ka ba kowa minti 20 zuwa 30 nasa, da ɗan tazara tsakani. Ka riga su isa. In sun zo ka buɗe ƙofa ka ja gefe su fara shiga, kai ka tsaya a bakin ƙofar kowane ɗaki kar ka bi su ciki, jikinka ma waje yake ci. Kuma ka rage surutu don Allah. Ba sai kace "nan ne kicin" ba, ya ga kicin ne. Ka bar mata da miji su yi ƙus-ƙus ɗinsu, in ma da hali ka fita waje na minti biyu uku, a nan ne suke rarraba inda kowane kaya zai zauna, wanda ya fara cewa "a nan zamu sa gado" to ya fara tarewa a zuciyarsa.

Fenti da tayil kowa ya gani, kuma duk wanda ya taɓa zaman haya ya san ana shafa fenti a rufe ɓarna, shi ya sa sabon fenti shi kaɗai baya burge shi. Abin da ka kashe wa kuɗi na gaske yana cikin bango da saman silin, bututu, waya, rufi, to su zaka nuna. In ka ɗauki hotuna lokacin da ake aikin, bango a fashe ana sa sabbin bututu, buɗe wayarka ka nuna masa, in da rasit ka nuna. Sannan ka sa shi ya gwada da hannunsa, gani ya kori ji. Ya buɗe famfo da shawa tare ya ga ko ƙarfin ruwan zai ragu. Ka ajiye bokiti mai lita 10, in ya cika cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi ruwan da ƙarfinsa. Ruwan bokitin a kwara shi a ƙasan banɗaki a ga ya gangara rami ko ya kwanta a wani gefe. Ya kora ruwan masai, ya sa cajarsa a soket-soket, ya buɗe taga ya rufe, ya duba sabis ɗin wayarsa a cikin ɗakin kwana. Ka nuna masa akwatin da ake kashe wutar gidan da inda ake rufe ruwa gaba ɗaya. Amma fa duk wannan kai ka fara gwadawa ana gobe zasu zo, kar a zo gaban baƙo hannun famfo ya cire.

Abin da ba a gyara ba ka faɗa da bakinka. Tagogin tsofaffi ne fenti kawai aka yi musu, ka faɗa. Akwai bangon da yake yin danshi in ruwan sama ya yi yawa, ka faɗa, ka faɗi abin da aka yi masa, don danshi in ba a toshe inda ruwan yake shigowa ba dawowa yake, fentin ya kumbura ya fara ɓarewa, wani farin gishiri-gishiri ya fito. Babu wajen ajiye mota, ko titin yana da hayaniya da safe, duk ka faɗa. Wanda ya ji ya yarda ya shiga shi ne zai zauna ya sabunta haya, wanda ya gano bayan wata biyu kuwa kullum wayarka tana ƙara, ƙarshe ya tashi gidan ya koma zaman banza kana sake neman wani.

Kai ma kana da tambayoyinka, ka yi su cikin hira ba kamar ɗan sanda ba. Mutum nawa ne zasu zauna, wannan a ƙaramin gida ba ƙaramar magana bace, banɗaki ɗaya da mutum biyu daban yake da banɗaki ɗaya da mutum bakwai. Yaushe suke son tarewa, me ya sa zasu bar inda suke, wace sana'a ake yi, ko zasu yarda ka tuntuɓi mai gidansu na yanzu. Tambayoyin su zama iri ɗaya ga kowa. Ƙasashe da yawa doka ta hana a ƙi ba mutum haya saboda addininsa ko ƙabilarsa ko launin fatarsa ko nakasa, haka kuɗin ajiya da wa'adin tashi kowace ƙasa da nata tsarin, ka nemi sanin na inda gidanka yake kafin ka rubuta yarjejeniya.

Ɗan tsaro kaɗan. Kar ka ba baƙo makulli kace ya je ya duba ya dawo maka da shi, yanka wani ba wuya. In ke mace ce, ko ma namiji ne, ki tafi da wani ko ki faɗa wa wani inda kike da lokacin da zaki gama. Kuma kar ka karɓi kuɗin kowa kafin ya ga gidan, 'yan damfara sun ɓata wannan hanyar, mai hankali yana jin "turo wani abu in riƙe maka" zai kashe waya.

In an daidaita da wani, ranar miƙa makulli ku zagaya tare ku ɗauki hoto ko bidiyo na kowane ɗaki, bango, tayil, sinki, ƙofofi, ku rubuta lambar da take kan mitar wuta da ta ruwa, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. Ka faɗa masa fentin ruwa yana bushewa cikin awanni amma sai ya yi sati biyu zuwa huɗu kafin ya yi ƙwari sosai, kar a dirje bangon da soso ko a manna masa abu kafin nan. Makullin ƙofar waje kuwa ka canja shi, lokacin gyara ya bi hannun birkila da kafinta da mai fenti da yaransu, ka rubuta guda nawa ka bayar a cikin yarjejeniyar. Sauran da suka zo gani ba su samu ba ka tura musu saƙo cewa an kama, kar su zauna jira.