Yadda za ki ƙaunaci Allah daga Litinin zuwa Asabar

A Markus 12:30 Yesu ya ce mutum ya ƙaunaci Ubangiji Allahnsa da dukan zuciyarsa, da dukan ransa, da dukan hankalinsa, da dukan ƙarfinsa. Ranar Lahadi wannan yana zuwa da sauƙi, ga waƙa, ga ganga, ga 'yan'uwa. Ni mai sayar da hatsi ce a kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma abin da zan faɗa miki, 'yar'uwa, na sauran kwana shidan ne, lokacin da babu fasto a kusa, babu matan zumunta da za su gan ki.

Ki fara da asuba. A unguwarmu ba ma bukatar agogo, kiran sallar maƙwabtanmu Musulmi ya isa ya tashe mu. In kin farka, kada ki fara laluben waya. Ki zauna a bakin tabarma, ki karanta ko aya biyar ce, ki yi addu'a kafin ki hura wuta. Wadda ba ta iya karatu ba ta sa ɗanta ya karanta mata tun da dare, ta kwana da aya ɗaya a ka. Yawancinmu a nan da Faransanci ko Fulatanci muke sujada, amma in da Hausa kike kai kukanki ga Allah, ki nemi Littafi Mai Tsarki na Hausa. Tun 1932 aka buga shi cikakke, kuma masu zuwa Yola za su iya sayo miki.

Sai kasuwa, inda ni dai na ga ake gwada ƙaunar nan fiye da ko'ina. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye mudu iri biyu, babba da ƙarami. Duk mai awo ta san yadda ake yi. Ana bubbuga gindin kwano da dutse ya lotsa ciki kaɗan, ido ba ya gani, amma kowane awo an rage tafi guda. In ana saye a wajen matan ƙauye kuwa, sai a kara hannu a bakin kwano, dawa ta taru a tafin hannu, a juye har da ita. Wata ta zuba tsohuwar masara mai ƙwari a ƙasan buhu, ta rufe da sabuwa. Ki bar duk waɗannan. Kwano ɗaya za ki riƙe, da shi ki saya, da shi ki sayar, ki kife shi a kan hatsi inda kowa zai iya ɗauka ya duba gindinsa. In masarar ta bara ce, ki ce ta bara ce, ki rage kuɗin. Za ki yi asarar 'yan sefa, ba na ɓoye miki, wata rana ma ta kusa da ke ta riga ki sayar da nata.

A watan Agusta, rumbuna sun kusa ƙarewa, sabon hatsi bai iso ba, farashi yakan hau. Ajiye hatsi ba laifi ba ne a ganina, ai Yusufu ya ajiye a Masar. Amma Karin Magana 11:26 ta ce mutane suna la'antar mai ɓoye hatsi. In gwauruwa ta tsaya a gabanki da kuɗin rabin kwano, kin kuma san yaran da ke gidanta, ki cika mata, kada ki sa ta roƙa a gaban mutane.

Zakka kuma ki fitar tun ranar da kika lissafa riba, ki ɗaure ta dabam. In kin bari sai safiyar Lahadi, kuɗin gawayi da na mai mashin sun riga sun cinye ta. Bashi ma ki biya a kan lokaci.

Ki kula da baki, musamman a zafin Maris da Afrilu da yakan wuce digiri 40, ana layin famfo rai a kusa. A 1 Yahaya 4:20 an ce wanda yake cewa yana ƙaunar Allah alhali yana ƙin ɗan'uwansa maƙaryaci ne. Abin da ya fi damuna a cikinmu shi ne gulmar da ake kawowa zumunta da sunan “mu sa wance a addu'a”. In da gaske kike, ki je gidanta da yamma, ki yi sallama, ki ce, “Yaya, na zo ne mu yi addu'a tare.”

Da dare, kafin barci ya kwashe yara, ki tara su ki faɗa musu ayar da kika yini da ita, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 6:7 ta umarta. Akwai ranakun da za ki ji zuciya ta bushe, addu'a ta ƙi fitowa. Kada ki jira sai ta dawo. Ki buɗe Zabura 42 ki karanta da ƙarfi, washegari kuma ki sami wata dattijuwa a ikilisiya wadda ta iya riƙe magana, ki gaya mata halin da kike ciki.