Darasi na 9: Listeriya, ƙwayar cutar da sanyin firij bai dame ta ba

Toh jama'a, yau darasinmu ya shiga kicin. Kafin mu yi nisa kowa ya ɗauko littafinsa ya rubuta kalmar nan da manyan baƙi: LISTERIYA. A raba ta gaɓa-gaɓa, lis-te-ri-ya, gaɓa huɗu kenan. A maimaita sau uku da baki sannan a rubuta, wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya bi a hankali, ba tsere muke ba.

Listeriya ƙwayar cuta ce ƴar mitsitsiya da ido baya gani sai da madubin likita. Sunan ma na mutum ne aka laƙa mata, wani likitan fiɗa ɗan Ingila mai suna Joseph Lister, wanda ya yi fice wajen koya wa likitoci tsabtace hannu da kayan aiki da magani kafin a yanka mutum. Ba shi ya gano ta ba, karramawa ce kawai. A 1926 ne wasu masu bincike a Kambirij ta Ingila suka fara ba da labarinta, a jikin zomayen ɗakin gwajinsu da suka riƙa mutuwa. Gidanta na asali ƙasa ce, da ruwa, da ruɓaɓɓiyar ciyawa, da kashin dabbobi. Kunga kenan ba daga wata uwa duniya take zuwa ba, tana iya kasancewa a garke, a lambu, a bakin kwata.

Abin da ya sa ta fita daban

Mu dai abin da muka sani shi ne in ka sa abinci a firij shikenan ka huta. Ga yawancin ƙwayoyin cuta haka ne, sanyi na sa su laƙwas su kasa hayayyafa. Ita wannan kuwa ko a jikinta. Tana ci gaba da haihuwa a sanyin da ya kusa kaiwa digiri 0, a hankali dai take yi amma bata tsayawa, in abinci ya yi kwana da kwanaki a firij sai ƴar kaɗan ɗin da ta shiga ta zama runduna. Firiza mai ƙanƙara ma baya kashe ta, barci kawai yake sa ta, ana narkar da naman ta farka ta ɗora daga inda ta tsaya. Gishiri ma tana jure masa sosai. Kuma abin haushin, bata canja ɗanɗano, bata canja kala, bata sa wari, wato dabarar nan tamu ta a sunsuna a ce "lafiyarsa ƙalau" bata aiki a kanta ko kaɗan.

Abu ɗaya ne ta kasa jurewa, wuta. In zafi ya ratsa abinci har tsakiyarsa ya kai digiri 75 ta mutu. Ku rubuta lambobin nan biyu a gefen shafi, 4 da 75. Ta farko sanyin da ya kamata firij ya tsaya ne ko ƙasa da haka, ta biyu zafin da ke kashe ta. Wanda bashi da ma'aunin zafi, kuma yawancinmu bamu da shi, ya duba da ido: miya ta tafasa tana ɓararraka, shinkafa ko nama tururi na tashi daga cikinsa in an tsaga, ba daga sama kawai ba.

Yadda ta yi ɓarna a wasu ƙasashe

An daɗe ana ɗaukarta ciwon dabbobi ne, sai a 1981 a gabashin Kanada mutum 41 suka kamu, 18 suka rasu, galibi jarirai ne da ƴan tayi. Da aka bi diddigi sai aka tarar da haɗin salak ne na kabeji, kabejin kuma an noma shi a gonar da aka zuba wa takin tumaki, aka adana shi a wuri mai sanyi tsawon lokaci. Wannan ne ya tabbatar wa duniya ta abinci take shiga. A 1985 a Kalifoniya ta Amurka cuku ne mai laushi da ɗanyar madara ta shiga cikinsa, mutum 142 suka kamu. A 2011 a Amurkar dai, wani ɗan'uwan kankana ne mai kaushin baya, mutum 33 suka mutu.

Amma wadda nake so ku riƙe ita ce ta Afirka ta Kudu, daga 2017 zuwa 2018, don ita ce mafi girma da aka taɓa rubutawa a duniya kuma a nahiyarmu ta faru. Mutum 1,060 gwaji ya tabbatar sun kamu, 216 suka rasu, kusan 4 cikin kowane 10 na waɗanda suka kamu jarirai ne sabbin haihuwa. Wata da watanni likitoci na ganin marasa lafiya ba'a san daga ina abin yake fitowa ba, har sai da wasu yara a wata makarantar raino a Soweto suka kwanta a farkon 2018, aka ɗauki abincin da suka ci aka gwada. Ashe foloni ne, wani naman kanti mai kamar ƙaton sosej, ana yanka shi fale-fale a sa cikin burodi a ci haka nan ba dafawa, abincin talaka ne a can don yana da araha. Aka bi sawu har wata masana'anta a garin Polokwane. Ranar 4 ga Maris 2018 ministan lafiyarsu, Aaron Motsoaledi, ya fito ya faɗa wa jama'a, aka kwashe kayan daga shaguna. Ku lura fa, naman nan dafaffe ne, a leda yake, a firij ɗin kanti yake zaune tsaf-tsaf. Bayan an gama dafawa ne ƙwayar ta hau shi, sanyi kuma ya yi mata reno. Ni wannan ne ya fi tsaya min a rai, don mu a ganinmu duk abin da ya fito daga firij ɗin babban shago ya fi na tallar bakin titi tsabta, toh ba kullum ba.

Su wa ta fi kamawa

Ƙato lafiyayye in ya ci, wataƙila ya yi ɗan zawo da zazzaɓi na kwana biyu ya miƙe, wani ma ba zai ji komai ba. Masu haɗarin su ne mace mai juna biyu da abin da ke cikinta, jariri, tsofaffi, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ƙanjamau, mai ciwon daji, mai ciwon suga ko ƙoda ko hanta. A cikin waɗannan in ta shiga jini ko ƙwaƙwalwa, cikin mutum 10 ana iya rasa 2 ko 3.

Iyaye mata ku matso kusa. Mai ciki ta ninka sauran mutane aƙalla sau 10 wajen saurin kamuwa, kuma ita uwar abin baya yi mata tsanani, ɗan zazzaɓi ne, ciwon jiki, kasala, ciwon kai, sak zazzaɓin cizon sauro. Sai a aika yaro kemis ya siyo maganin maleriya, ita ta ɗan ji dama-dama, alhali ƙwayar ta bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan. Daga nan sai ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko a haifo shi ba rai, ko ya zo da rai ya kama sanƙarau cikin kwanakin farko. Allah Ya kiyaye. Shi ya sa mai ciki in ta ji zazzaɓi, asibiti za'a nufa, a yi gwaji, in an ce ba maleriya ba kuma zafin jiki bai sauka ba kar a dawo gida a zauna, a gaya wa ma'aikacin lafiya irin abin da ta ci a ƴan makonnin baya. Na ce makonni ne don ciwon na iya ɓuya har wata biyu kafin ya bayyana, ba lallai abincin jiya ba ne. Maigida, wannan aikinka ne ma, kai ke ba da izini kai ke ba da kuɗin mota.

Tsoho kuwa ko mai raunin jiki, in an ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ko tangaɗi, ko jijjiga, ba'a kwana da shi a gida. Akwai magani, ampisilin ne aka fi amfani da shi, amma ta jijiya ake bayarwa a asibiti kwanaki da yawa, ba kafso biyu na kemis ba. Wasu alluran da aka saba yi wa sanƙarau ma basa taɓa ta, likita ne ya san bambancin.

Toh a gidajenmu ina take iya laɓewa

Farko madara. Ɗanyar madara daga hantsar saniya ko akuya, komai kyanta, a tafasa ta har ta taso kafin a sha ko a kwantar da ita ta zama kindirmo. Tsamin nono na rage mata ƙarfi gaskiya ne, amma ba'a dogara da shi, musamman in an sirka da ruwan da ba'a san asalinsa ba ko ƙwaryar da ludayin basu wanku ba. Mai ciki in tana son fura da nono, wa zai hana ta, sai dai ta san nonon da tafasasshiyar madara aka yi shi. Cukun madara mai laushi, wanda wasu ke cewa wara, a Gana kuma wagashi, ana dafa shi wajen haɗawa amma daga baya yana kwana cikin ruwa hannu na shiga yana fita, toh a soya shi ko a jefa a miya ya tafasa.

Makiyaya da masu turke a gida, tunkiya ko akuya in ta karkatar da kai gefe guda tana ta zagaye wuri ɗaya, kunne ɗaya ya faɗi, miyau na zuba, ko dabba ta yi ɓari ba dalili, yana iya zama wannan ciwon ne. A kira likitan dabbobi, kar a sha madararta, kuma mai ciki ta yi nesa da ɗan ɓarin da mabiyiyar.

Sai ganye, latas, kabeji, karas, kokwamba. Taki ake sa musu, a ƙasa suke girma. A wanke da ruwa mai tsabta yana zuba, ganye-ganye, ba a tsoma a roba ɗaya a tsamo ba. Kankana a wanke bayanta kafin a yanka, don wuƙa ce ke ɗauko dattin baya ta kai shi ciki. Wadda aka yanka aka ɗaure a leda tun safe tana shan rana a baro kuwa, mai ciki ta haƙura, ta sayi guda ta yanka da kanta.

Sosej, yankakken naman kanti, kifi mai banda, tsire ko balangun da ya huce ko ya kwana, duk a mayar da su wuta su yi zafi ƙwarai kafin mai ciki ko tsoho ya ci.

Yanzu firij, da ƴar matsalarmu ta wutar NEPA da kowa ya sani. Firij ɗin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa sau biyar a rana ba firij ba ne, kabad ce mai ɗan sanyi-sanyi, kuma irin wannan yanayin listeriya ta fi so. In an ɗauke wuta a bar ƙofar a rufe, yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cike maƙil kuma kamar kwana 2 in ba'a buɗewa. A hana yara buɗe-buɗen neman ruwan sanyi. Ɗanyen nama da kaza a can ƙasa cikin roba mai murfi, dafaffen abinci a sama, don kar jinin ya ɗiga a kai. Ragowar abinci kar ya wuce awa 2 a waje, lokacin bazara ma awa 1, a firij kuma kar ya wuce kwana 3 ko 4, kuma a ɗumama shi da gaske, ba a nuna masa wuta a sauke ba. Ɗumamen iyayenmu na safe da ake barinsa ya tafasa sosai, ashe hikima ce, wanda bashi da firij ma ya riƙe ta.

Ƙwayar nan tana iya manne wa wuri mai danshi ta yi wani yauƙi-yauƙi ta zauna wata da watanni, a tsagar katakon yanka, a robar bakin ƙofar firij, a lungun injin niƙa ko na yankan nama. In abu ya zube a firij a goge nan take. Lokaci-lokaci a kwashe komai a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, sannan a goge da ruwan bilic, babban cokali 1 cikin ruwa lita 4, a bari ya bushe. Katakon ɗanyen nama daban na ganye daban, in guda ɗaya ne da ku a fara yanka ganyen, nama daga baya, a wanke da sabulu. Masu sana'ar abinci, masu yogot, masu salak, masu shayi da burodi, ku wannan sakin layin ku karanta shi sau biyu.

Aikin aji da na gida

A aji, kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa da bakinsa me lamba 4 ke nufi, me 75 ke nufi. Sannan a cike gurbin nan: "Sanyi baya kashe listeriya, ______ ce ke kashe ta." A rubuta sunayen mutane iri uku da ta fi yi wa illa.

A gida kuma, ku nemo leda ko gwangwani ko robar yogot guda biyu, ku duba inda aka buga ranar daina amfani, ku kwafo lambobin yadda suke cikin littafinku, rana da wata da shekara. Wasu kamfanoni wata suke fara rubutawa wasu rana, nan ne mutane ke rikicewa, ku zo da ledar mako mai zuwa mu karanta tare a allo.