Yadda Ma'aikacin Hidima a Amurka Zai Gane Ko Yana da Haƙƙi a Tallafin TAA

Idan kana Amurka kana aikin amsa kiran abokan ciniki, ko shigar da bayanai a kwamfuta, ko lissafin kuɗin kamfani, aka wayi gari aka ce an kwashe aikinku an kai Indiya ko Filifin, akwai wani tsohon shirin gwamnatin tarayya da ya kamata ka bincika. Sunansa TAA, tallafi ne ga waɗanda cinikin ƙasa da ƙasa ya raba da aikinsu. An kafa shi a 1962, zamanin Shugaba Kennedy, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ce ke riƙe da shi.

Mataki na farko, ɗauko takardar sallamarka ka duba kwanan wata, domin a wurin ma'aikacin hidima komai a kan kwanan wata ya rataya. Shekaru da dama dokar nan mai ƙera kaya kaɗai ta sani. Mai ɗinka takalma a masana'anta ya samu, mai amsa waya a ofis ya tashi a tutar babu, alhali guguwa ɗaya ce ta kwashe su. Wannan bambanci bai taɓa kwanta mini a rai ba, don mai gidan haya ba ya tambayar irin aikin da ka rasa. Sai a 2009, zamanin Obama, aka buɗe wa masu hidima ƙofa. Ta rufe a Fabrairun 2011, aka sake buɗewa a Oktoba, ta kuma rufe a farkon 2014, aka buɗe a Yunin 2015. Ranar 1 ga Yuli 2021 aka sake rufe musu ita, bayan shekara ɗaya cif kuma Ma'aikatar ta daina yanke hukunci kan sababbin koke, wato takardun neman a shigar da ma'aikatan wani wurin aiki cikin shirin, gaba ɗaya, saboda majalisa ba ta sabunta dokar ba. Amma wanda aka sallama ranar 30 ga Yuni 2022 ko kafin nan, a ƙarƙashin koken da aka amince da shi, haƙƙinsa bai mutu ba.

Na biyu, nemo koken wurin aikinku. Ba mutum ɗaya ake amince wa ba, rukunin ma'aikata ne, kuma sau da yawa ƙungiyar ƙwadago ko jami'in jiha ko kamfanin kansa ne ya shigar da koken ba tare da kun sani ba. Shiga shafin TAA na Ma'aikatar Ƙwadago ka nemi sunan kamfanin da garin. Lambar koke tana farawa da TA-W. Wadda ta faɗa tsakanin 90,000 da 97,999 tana ƙarƙashin dokar 2015, wadda ta haɗa da masu hidima. Amincewar tana ɗaukar waɗanda aka sallama tun shekara ɗaya kafin shigar da koken, har zuwa shekara biyu bayan amincewa. Ka karanta hukuncin har ƙarshe idan ta hannun kamfanin samar da ma'aikatan wucin gadi ka shiga, kamar 'yan uwanmu da yawa. Akan ambaci sunayen irin waɗannan kamfanoni a ciki, su ma ma'aikatansu su shiga.

Na uku, je ofishin gwamnati na taimaka wa masu neman aiki, wato cibiyar American Job Center, mafi kusa da kai, riƙe da lambar koken, takardar sallama, takardun albashi da izinin aikinka. Jiha ce ke tantance kowa shi kaɗai. Ka ce a haɗa ka da jami'in TAA, don ba kowane mai zama a teburin karɓar baƙi ne ya san shirin ba.

Na huɗu, san abin da ya rage maka. Kuɗin mako-mako, wanda kan kai mako 130 idan an haɗa da na rashin aiki, yana da wa'adi: sai mutum ya yi rajistar horo cikin mako 26. Ga wanda aka sallama shekarun baya, da wuya a ce wannan bai wuce ba. Horon kansa kuwa ba shi da wa'adin nema, kuma shi ne tsoka: kuɗin makaranta da littattafai, a kwalejin unguwa ko makarantar sana'a. Kada ka biya ko sisi kafin jami'in ya sa hannu a kan tsarin karatunka, domin ba a mayar da abin da aka kashe kafin amincewa.

Idan an hana ka, nemi a ba ka hukuncin a rubuce. Ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara tana jikin takardar, kuma kwanakin ba su da yawa.

Wanda kuma ya rasa aikinsa bayan Yunin 2022, ya shigar da neman kuɗin rashin aiki a jiharsa a makon da aka sallame shi. Yawancin jihohi kan biya har mako 26. Sannan a wannan cibiyar dai ya tambayi shirin ma'aikatan da aka sallama na dokar horar da ma'aikata ta 2014, mai suna WIOA. Shi ma yana biyan kuɗin horo, kuma ba ruwansa da ko kaya kake ƙerawa ko waya kake amsawa.