Darasi na 9: Ɓera da birkin da ke cikin kai

Duk wanda ya taɓa ajiye buhun dawa a Gadarif ta ƙasar Sudan ya san ɓera, ya san yanda yake huda buhu ta ƙasa ya bar maka kashinsa baƙi-baƙi a bakin ƙofa. To wannan ɓeran da muke ɗana wa tarko, shi masana ke kiwo a keji suna nazari a kansa, don ƙwaƙwalwarsa na aiki da sinadarai irin namu.

Ɗaya daga ciki sunansa serotonin. A furta a hankali, se-ro-to-nin. Jiki ne ke haɗa shi daga abincin da muka ci, kusan kashi 90 cikin 100 a hanji yake, ɗan ragowar da ke cikin ƙwaƙwalwa shi ne zancenmu yau. A wurin namijin ɓera aikinsa kaman birkin raksha ne, wato babur mai ƙafa uku. Da ya gama barbara sinadarin sai ya ƙaru a wani sashe na ƙwaƙwalwa, sai ka ga gogan naka ya koma gefe yana lasar jikinsa, ko kallon macen ba ya yi sai bayan wasu mintuna. A 1969 masu bincike suka ba ɓeraye maganin da ke rage sinadarin sosai, ai kuwa birki ya tsinke, suka dinga hawa har junansu maza. A 2011 wasu a Beijin ta ƙasar Sin suka ga irin haka a ɓerayen da aka haifa babu shi a kai, da aka yi musu allurar da ke maido shi suka koma bin mata. Wasu masanan dai sun gwada daga baya ba su ga wannan ruɗewar ba, har yanzu ana ja.

Malam a daina dariya haka, abin ya shafe mu. Magungunan ciwon damuwa irin fluoxetine suna ƙara serotonin, shi ya sa wani magidancin da ke sha zai ga inzali na jinkiri ko sha'awa ta ja baya, sai ya ji nauyin faɗa wa likita ya ajiye maganin kawai, alhali da ya buɗe baki ana iya canza masa wani. Tramol ma yana taɓa wannan sinadarin, samari na haɗiya wai don su daɗe, ga shi yana kama mutum ya kasa dainawa, yana kuma kayar da shi yana jijjiga kaman mai farfaɗiya.

Aikin gida: kowa ya rubuta ɓera, birki, ƙwaƙwalwa sau uku-uku, a kula da lanƙwasar ɓ da ƙ. Sannan a rubuto jimla biyu da za a faɗa wa likita in magani ya canza wa mutum wani abu a jiki.